JIYA TA WUCE, GOBE BA TA ZO BA: INA KIKA AJIYE YAU?

  

A wannan fitowa na jingine zancen kwalliya da girke-girke, domin akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wasiƙun da kuke aiko mana, in aka ɗebe gaishe-gaishe, galibinsu iri biyu ne. Wata tana kukan abin da ya riga ya wuce, wai wane ya yaudare ta bara, har yau ba ta iya cin abinci. Wata kuma tana zullumin abin da bai zo ba, wai yaushe za ta yi aure, shin za ta ci jarrabawa, shin mijin zai riƙe ta amana. Da wuya in buɗe wasiƙa in tarar mai ita tana ba ni labarin abin da take yi da ranar da take ciki. Shi ya sa na ce bari mu zauna mu yi hira a kan lokaci, dukiyar da 'yar sarki da 'yar talaka ke samun rabonsu daidai wa daida kowace safiya.

YADDA MUTANENMU KE LISSAFI

Ni mutuniyar ƙasar Jega ce ta jihar Kebbi, dangin mahaifiyata kuwa suna Birnin Malam, don haka da abin da na tashi na gani zan ba ku misali. Tsofaffinmu na wannan yanki, tun daga Jega har Aliero da Maiyama, da yawansu ba su taɓa ɗaura agogo ba, amma ban taɓa ganin sun makara ba. Sun yanka yini gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunanta da aikinta. Akwai asuba, sai sassafe, sai hantsi, sai walaha, sai rana tsaka, sannan azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha, har zuwa tsakar dare. Kakata in ta dubi inuwar katanga ta san lokacin ɗora tukunya ya yi, in ta ga Gamzaki ya fito ta san gari ya kusa wayewa. Surfe na da lokacinsa, kai abinci gona na da nasa, tatsuniya kuwa sai dare.

Haka shekara ma: damina, kaka, ɗari, bazara. Malamai da manoma kan lissafa ta da taurari 28, kowane tauraro kwana 13, ban da guda ɗaya mai kwana 14, in kin haɗa sai ki samu kwana 365 cif. Za ki ji dattijo na cewa an shiga Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha, da wannan yake sanin ƙarfin ruwan da ke tafe da abin da ya kamata a yi a gona. Ga kuma lissafin wata, wanda shekararsa ke da kwana 354 ko 355, shi ya sa azumi ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, har ya zagaye ɗari da zafi da damina cikin shekara 33 ko kusa da haka.

Ko shekarun haihuwa da abin da ya faru ake riƙe su. In kin tambayi wata gwaggo shekarunta, sai ta ce an haife ta shekarar canjin hannu, wato 1972 ke nan, lokacin da motoci suka koma bin dama a Nijeriya. Wata ta ce shekarar da aka fito da Naira, 1973. Wata kuma ta ce ta yi haihuwar fari shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato, 1991. Kai, har sunayenmu na mata lokaci ne: Ladi, Altine, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai, Asabe, ga Azumi, ga Marka wadda aka haifa ana tsakiyar ruwa.

Amma ga abin da nake so ki lura da shi. Bahaushe ya raɗa wa kwanakin da ke gaba suna har huɗu: gobe, jibi, gata, citta. Na baya kuma ya ce jiya da shekaranjiya. Duk cikinsu guda ɗaya tak ce za ki iya ɗaukar tsintsiya ki yi shara a cikinta, ko ki buɗe littafi, ko ki gaida mahaifiyarki, ita ce yau. Sauran duk a baki suke da cikin zuciya.

DARASI DAGA ALBASAR ALIERO

Duk wanda ya san Aliero ya san albasa. Daga nan ake lodin manyan motoci zuwa Legas da sauran garuruwan Kudu, kuma rayuwar gidaje da yawa a wannan yanki, har da aure da suna da kuɗin makaranta, a kan albasa take tafiya. To, babu malamin da ya kai manomin albasa sanin darajar lokaci.

Wajen ƙarshen damina yake zuba iri a ɗan fili, ya yi ta renonsa kamar jariri har wajen mako shida ko bakwai. Sannan a cire a dasa a fadama lokacin da sanyi ya fara shigowa, domin albasa 'yar ɗari ce. Daga nan sai ban ruwa da cire ciyawa da sa taki, wata uku ko fiye, ba fashi. In ya ga ganye ya fara kwantawa, ya san ta ƙosa, sai ya janye ruwa. Wanda ya yi gaggawar cirewa zai kwashi albasa mai ɗanyen wuya wadda ba ta ajiyuwa, wanda kuma ya yi sakaci ya bar ta cikin laima, ruɓa za ta yi a ƙasa.

In an cire, nan ne hikimar take. Lokacin girbi, wajen watan Maris da Afrilu, albasa kan cika kasuwa ta yi arha. Mai hali sai ya zuba tasa a rudu, wato rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ya jira watannin da za ta yi tsada can wajen ƙarshen shekara. To amma kada ki ɗauka yana rufe rudu ne ya tafi ya kwanta. Ina! Kullum yana leƙawa, yana juyawa, yana tsince wadda ta fara lalacewa, don guda ɗaya in ta ruɓe sai ta shafi 'yan'uwanta. Idonsa na kan farashin gobe, hannunsa kuwa na cikin aikin yau. Kin ga ashe jira iri biyu ne, akwai na mai juya albasa, akwai na mai naɗe hannu.

'YAN GOBE

Akwai wata yarinya da na sani a ƙauyukanmu, mai ƙoƙari ce ƙwarai, tana aji biyu na babbar sakandare aka kawo kuɗin gaisuwarta. Saurayin ɗan kirki ne, sana'arsa sayen albasa da ajiyewa. Aka sa rana bayan babbar Sallah, in ya sayar da kaya. Tun daga ranar da aka raba goron sa rana, yarinyar nan ta tattara hankalinta kaf ta aika gidan da ba ta shiga ba tukuna. In malami na bayani a aji, ita tana lissafin kwanuka da labule. Yau ciwon kai, gobe rakiyar ƙawa wajen tela, a hankali ta daina zuwa makarantar gaba ɗaya. In an yi mata magana sai ta ce, "To me ya rage? Wata nawa ne?"

Ana nan sai damina ta yi nauyi, laima ta shiga rudu, fiye da rabin kayan yaron suka lalace. Aka ɗaga biki zuwa kaka. Kaka ta zo bai farfaɗo ba, aka ce sai baɗi. Wasa-wasa sai da aka shekara biyu. A cikin shekara biyun nan 'yan ajinsu suka rubuta jarrabawar fita, ita kuwa tana zaune a tsakar gida tana ƙirga watanni da yatsu, ba karatu, ba sana'a, ga rama ga saurin fushi. Na ji da kunnena wata gwaggonta na ce mata da irin harshenmu na can, "Ke ɗiyata, mi kika jira haka? Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar za ta zo da ƙahwahunta, ke tashi ki kama wani abu."

Ranar kuwa ta zo. An yi auren, suna zaune lafiya har da 'ya'ya, ba wanda ya yaudari wani. Amma har yau in zancen makaranta ya taso sai ta yi shiru, domin shekara biyun nan da ta zauna jira sun ishe ta ta kammala, ta shiga ɗakinta da takardarta a hannu. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero tun 2006, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga gidansu, ga wasu 'yan ajinsu da suka shiga da aurensu. Abin da ya cinye mata karatu zaman jiran aure ne, auren kansa bai hana ta komai ba.

Irin wannan ciwo bai tsaya ga masu jiran biki ba. Akwai mai cewa sai na gama makaranta zan ji daɗi, in ta gama ta ce sai na yi aure, in ta yi ta ce sai na haihu, in ta haihu ta ce sai yara sun girma. Ranar da ta waiwaya sai ta tarar furfura ta fito, iyayen da take cewa za ta kyautata musu in ta samu hali sun riga mu gidan gaskiya. 'Yar'uwa, in mahaifiyarki na raye, yau ce ranar da za ki karɓi muciyar nan daga hannunta.

'YAN JIYA

Su kuma waɗannan baya suka ba gabas. Saurayi ya auri wata, ko an faɗi jarrabawa, ko ƙawa ta ci amana, shi ke nan sai a shimfiɗa tabarma a kan abin a zauna. A shekarun 1990 wasiƙu ake ɓoyewa a ƙasan akwati da kaset ɗin da saurayi ya ɗauko muryarsa, a riƙa fitowa da su ana kuka. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001 abin ya sauya kama, yanzu tsofaffin saƙonni da hotuna ake bi ana karantawa har tsakar dare, ana leƙen shafinsa a ga me amaryar ta sa.

Ba na raina zafin rabuwa, wallahi yana da ciwo, kuma kuka ba laifi ba ne. Amma mu koma Aliero, domin bayan albasa garin ya yi suna wajen masu ɗori, har daga nesa ake kawo musu masu karaya. Ko a wajensu ko a asibiti, ƙa'idar ɗaya ce: in an daidaita ƙashi an ɗaure, sai a bar shi ya kama, makonni ake yi. Wanda ke kwance ɗaurin kullum yana latsa wurin don ya ji ko har yanzu da zafi, shi ke hana kansa warkewa. Kuma in lokaci ya yi dole a sa ƙafar a ƙasa a fara takawa, ko da ɗingishi, in ba haka ba ta sandare. Zuciya ma haka take. Ki ba ta lokacinta, ki daina tone miki, sannan ki tashi ki taka.

Ko garin Jega kansa darasi ne. Masana tarihi sun nuna cewa a ƙarshen 1803 dakarun Gobir suka afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, suka watsa shi. Shi kansa Abdussalami ya rasu a 1818 bayan yaƙin Kware. Ɗansa Buhari ya ga rushewar gari, ya ga rashin uba, amma wajen 1820 shi ne ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, garin da ya zama babbar kasuwa kuma mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri. Da ya zauna kukan kufai, da ba mu san sunansa ba. A zamaninmu ma mun gani, ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi, mutane suka yi asara mai tsanani, amma ruwa na janyewa manoma suka koma fadama noman rani. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take, ba a tafiya ana kallonta.

KADA A FAHIMCE NI A KARKACE

Na san wata za ta ce, "Yauwa Anti, ai ni ma abin da nake faɗa ke nan, a ci yau, gobe ta Allah ce." A'a ƙanwata, ba haka nake nufi ba. Wadda ta cinye jarin ƙosanta a anko, wadda ke karɓar kuɗin samari biyar tana cewa rayuwa guda ce, wadda ta bar karatu sai daren jarrabawa, ba ta riƙe yau ba, sayar da ita ta yi da arha, ta haɗa da goben a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe ta Allah ce, gaskiya ne, amma manomin da ya faɗi haka da irinsa a hannu ya faɗa, yana kan hanyar gona.

Riƙe yau shi ne duk abin da ke gabanki ki ba shi hankalinki gaba ɗaya. In kina aji, ki kasance a aji. In kina tuƙa tuwo, ki tuƙa shi ba gudaji. In kakarki na ba ki labari, ki ajiye wayar nan ki dube ta, domin akwai ranar da za ki nemi muryar ki rasa. Mu faɗi gaskiya, babban ɓarawon lokaci a wannan zamani a tafin hannunmu yake. Yarinya za ta ce bari in ɗan duba WhatsApp ko TikTok minti biyar, kafin ta ɗago an kira magariba, wanki na jiƙe, aikin makaranta na jaka. Ki yi lissafi da kanki: awa 3 a kullum, a shekara ya haura awa 1,000, wato fiye da kwana 45 dare da rana. A cikin wannan lokaci wata ta koyi ɗinki, wata ta haddace izu da dama.

Sai kuma ɗabi'ar nan tamu ta saɓa lokaci, a rubuta ƙarfe 4 a katin biki, amarya ta fito ƙarfe 6, har ana yi mana kirari da ita wai lokacin Bahaushe. Ni ban yarda da wannan suna ba. Bahaushen da ya san in liman ya tayar ba ya jiran kowa, ya san motar kasuwar Jega in ta cika tashi take, ya san kwana nawa tauraro ke yi, ba za a ce bai san lokaci ba. Raina lokacin mutane ne kawai, kuma wadda ta saba shanya ƙawayenta tun tana budurwa, za ta shanya miji da baƙinsa.

'YAN SHAWARWARI

Ga kaɗan daga abin da na ga yana amfani, ki gwada ko na mako guda ne.

Na farko, ki ɗaure ayyukanki a jikin lokutan salla kamar yadda iyayenmu ke yi. Bayan asuba karatu, domin da sanyin safiya ake kama fara. Bayan la'asar sana'ar hannu ko taya aiki. Bayan lisha bita, sannan barci.

Na biyu, kowace safiya ki zaɓi abu uku kacal da za ki gama kafin rana ta faɗi, ki rubuta a bayan littafinki. Da dare ki duba.

Na uku, in an sa miki rana, alhamdu lillahi, amma kada ki ajiye biro sai ranar da aka sa ki a lalle. Ki roƙi iyaye su sa maganar ƙarasa karatu cikin sharuɗɗa tun wuri, tun ana jin kunyar juna.

Na huɗu, abin da ke tayar miki da tsohon miki, hoto ne ko saƙo ko lamba, ki share. In damuwar ta yi nauyi har ta hana ki ci da barci, kada ki ɓoye, ki faɗa wa mahaifiyarki ko yayarki ko malamar da kika amince da ita, in ta kama a je asibiti.

Na biyar, ki ware lokacin da waya za ta kwanta ita ma, musamman lokacin cin abinci da lokacin hira da iyaye.

'Yan'uwana, ƙuruciya kamar kasuwar ƙauye ce, da hantsi take cika, kafin almuru an watse, kowa ya koma gida da abin da ya saya. Sannu ba ta hana zuwa, kuma ba a ce ki yi gaggawar girma ba, cewa aka yi kada ki bar ranar da ke hannunki ta wuce ba ki ɗora komai a kanta ba.

A nan zan dasa aya. Ina jiran wasiƙunku, kuma a wannan karo ina so kowacce ta rubuto mini abu guda da ta yi da ranarta wanda ta ji daɗinsa. Allah Ya yi wa rayuwarmu albarka, Ya ba na gida mazaje nagari, Ya ba ɗalibai sa'ar jarrabawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.